Jar Lambar da Ba Ta Ƙarewa: Tarihin Saƙon da Ba a Karanta Ba

A fuskar wayoyi da yawa akwai wata 'yar jar da'ira maƙale a kafaɗar tambarin imel, da lamba a cikinta. A wayar wani lambar 7 ce, a ta wani 412, a ta wani kuma ta haura 10,000 har da'irar ta miƙe don lambar ta samu wurin zama. Abin da take ƙirgawa shi ne saƙonnin da suka shigo ba a buɗe su ba. Akwai mutanen da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun mayar da ita sifili kafin su yi barci, akwai kuma waɗanda suka daina ganinta, kamar yadda mai ɗaki ke daina ganin tsagar bangon da ya saba da ita. Sai dai fargaba ɗaya ke cin dukansu. A cikin tarin nan wataƙila akwai saƙo guda da ba ya jira, kiran ganawar neman aiki ko sanarwar wa'adin da zai cika gobe, lambar kuwa ba ta faɗin wanne ne.

Ba tare da imel aka haifi wannan lamba ba. Imel ya yi shekaru yana aiki kafin ya iya bambanta saƙon da aka karanta da wanda ba a karanta ba, kuma da bambancin ya zo, an kawo shi ne don wata 'yar ƙaramar buƙata, wato kada mutum ya sake bin abin da ya riga ya gani jiya. A cikin shekaru 50 da suka biyo baya aka yi ta ɗora wa alamar kayan da ba dominsu aka yi ta ba, har ta zama jerin ayyukan da ke jiran mutum, ta kuma zama ma'aunin bashin da ake bin sa. Tarihinta yana bayyana dalilin da ya sa kowace dabarar shawo kan tarin saƙonni ke yin tasiri na ɗan lokaci, sannan tarin ya dawo.

Akwati mai zubi ɗaya

A 1965, a cibiyar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts ta Amurka, mutane da yawa ne ke tarayya a kan babbar kwamfuta guda, ƙirar IBM 7094, ƙarƙashin wani tsari mai suna CTSS. Mutum zai zauna gaban wata na'ura mai kama da tafireta ya buga umarni, kwamfutar ta mayar masa da amsa a kan takarda. A wannan shekarar Tom Van Vleck da Noel Morris suka rubuta umarnin MAIL, wanda ya ba mutum damar bar wa abokin aikinsa saƙo. Babu wata sarƙaƙiya a cikin aikinsa. Kowa yana da fayil guda mai suna MAIL BOX, duk saƙon da ya zo sai a manna shi a gindin na baya. Idan mai fayil ya shiga kwamfutar za a sanar da shi yana da wasiƙa, shi kuma ya buga fayil ɗin gaba ɗaya, ya karanta, ya goge idan ya ga dama.

A idon na'ura, irin wannan akwati dogon rubutu ne guda. Ba ta san inda saƙon farko ya tsaya na biyu ya soma ba, balle ta san wanda aka karanta.

A ƙarshen 1971 Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN da ke birnin Cambridge na jihar, ya haɗa manhajar aika saƙo ta SNDMSG da wata manhajar kwafar fayil tsakanin kwamfutoci. Da wannan saƙo ya iya tsallakawa daga wata na'ura zuwa wata a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta zama kakar intanet. Shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa. Aikawa ta yi sauƙi ƙwarai, amma karantawa tana nan inda take. Manhajar karatun, READMAIL, zubo saƙonni take yi a jere, babu hanyar zaɓar guda a bar saura. Tun daga nan ɓangaren mai aikawa ya yi gaba, ɓangaren mai karɓa ya biyo shi da gudu.

Ƙorafin shugaba

Daga cikin waɗanda suka fara kokawa da yawan imel har da shugaban hukumar da ta biya kuɗin gina hanyar. Stephen Lukasik, daraktan ARPA, hukumar binciken kimiyya ta ma'aikatar tsaron Amurka, ya kamu da son imel har yana tafiya da wata na'ura mai nauyi don duba saƙonninsa a duk inda ya sauka. Na ƙasa da shi suka gane cewa hanya mafi sauri ta samun amincewarsa ita ce a rubuta masa, don haka kowa ya rubuta. Ba a jima ba ya kai kukansa wurin Lawrence Roberts, wanda ke kula da ofishin da ya gina ARPANET.

A 1972 Roberts ya rubuta masa wata 'yar manhaja mai suna RD. Ita ce ta fara jera saƙonni ɗaya bayan ɗaya a taƙaice, ta ba mutum damar zaɓar wanda zai buɗe, ya ajiye wani, ya goge wani. Akwatin imel kamar yadda aka san shi yau ya samo asali ne daga nan. Tare da shi kuma wani sabon abu ya shigo duniya, wato saƙon da mutum ya ga ya iso, ya san wanda ya aiko, amma ya tsallake shi. A tsohon tsari hakan ba ya yiwuwa.

Wani binciken ARPA na 1973 ya nuna cewa imel ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na zirga-zirgar da ke kan hanyar, alhali ba dominsa aka gina ta ba. Wasu suka ɗauki RD suka yi ta gyara ta, har zuwa 1975 lokacin da John Vittal ya fitar da MSG. A cikinta akwai umarnin ba da amsa da na tura wa wani saƙo. Kafin nan, mai son mayar da amsa sai ya sake buga adireshi da kan magana da hannunsa. Vittal ya mayar da wannan aiki danna maɓalli. An yi MSG don a sauƙaƙa wa mai karɓa, amma kowace amsa da ta yi sauƙin fita sabon saƙo ce a akwatin wani. An gudu ba a tsira ba.

Harafi biyu da kare guda

A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ɗalibai masu aiki a kan tsarin Unix suka ƙara wa lamarin tsari. Manhajar Mail da Kurt Shoens ya soma rubutawa a 1978 tana sa harafi a gefen kowane saƙo. Harafin N yana nufin sabo ne, bai taɓa bayyana a gaban mai shi ba. Harafin U yana nufin ya riga ya bayyana a jeri a wani zama na baya, ba a dai buɗe shi ba. Manhajar tana adana wannan bayani ne ta hanyar ƙara wani ɗan layi a kan saƙon, mai ɗauke da R idan an karanta da O idan ya kwana. Bambancin yana da ma'ana, domin wanda ya iso yanzu daban yake da wanda aka gani aka kau da kai. Manhajoji da yawa na yau sun haɗe su a lamba ɗaya.

A Berkeley ɗin dai, a 1980, aka fitar da wata 'yar manhaja mai suna biff, wadda aka sa wa sunan karen wata ɗaliba da ke yawo a ginin sashen kwamfuta. Aikinta shi ne ta katse mutum a tsakiyar abin da yake yi ta shaida masa cewa saƙo ya iso. Kafin biff mutum ne ke zuwa wurin akwatinsa. Daga nan akwatin ya fara zuwa wurin mutum.

Tarkace ma bai yi jinkirin isowa ba. Ranar 3 ga Mayu 1978, Gary Thuerk, jami'in talla na kamfanin Digital Equipment Corporation, ya aika wa kusan mutum 400 a ARPANET gayyatar zuwa kallon sababbin kwamfutocin kamfaninsa. An yi masa ca, amma ƙofar ta riga ta buɗe. A 1982 Peter Denning, shugaban ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, ya rubuta a mujallar ƙungiyar cewa an zuba ƙarfi wajen sauƙaƙa samar da bayani da aika shi, an yi sakaci da wanda zai karɓa. A lokacin mafi yawan mutanen duniya ba su taɓa jin kalmar imel ba.

Gani ba ci ba

Da ƙananan kwamfutoci suka bazu, sai tambaya ta taso: ina za a ajiye labarin cewa an karanta saƙo? Ƙa'idar POP da ta fito a 1984 ta bi salon akwatin gidan waya. Mutum zai zo ya kwashe wasiƙunsa zuwa kwamfutarsa, akwatin ya koma fanko. Alamar an karanta tana zaune a na'ura ɗaya, idan mutum ya koma wata na'urar ba ta san komai ba.

Mark Crispin na jami'ar Stanford ya kawo wata hanya a 1986, wadda aka wallafa a 1988 da sunan IMAP. A wannan tsari saƙonni suna zama a babbar kwamfutar mai ba da hidimar imel, kowane saƙo da 'yan tutocin da ke bayyana halinsa: an ba shi amsa, an yi masa alama, an goge shi, ya iso kwanan nan. Ɗaya daga cikinsu sunanta \Seen, ma'ana an gani. A IMAP babu tutar da ke cewa ba a karanta ba. Saƙon da ba a karanta ba shi ne kawai wanda bai samu tutar an gani ba, kuma tutar tana hawa kansa ne da zarar manhaja ta nemi a miƙo mata gundarin rubutun. Har ma akwai umarni na musamman da manhaja ke amfani da shi idan tana so ta leƙa saƙo ba tare da ta ɗaga tutar ba.

Ke nan iyakar abin da na'ura ta sani shi ne an buɗe ko ba a buɗe ba. Saƙon da yatsa ya taɓa bisa kuskure na daƙiƙa ɗaya ya zama karantacce. Wanda mutum ya karanta layinsa na farko a sanarwar waya, ya fahimta, ya ma yi aikin da aka nema, yana nan a matsayin wanda ba a karanta ba. Tun da kuma ana iya sauke tutar, mutane suka mayar da hakan dabara: a buɗe saƙo, a ga yana buƙatar tunani, a mayar da shi wanda ba a karanta ba don kada a manta. Daga wannan lokaci lambar ta fara ƙirga abubuwa masu bambancin nauyi a ma'auni ɗaya, tallan takalmi da alkawarin da aka ɗauka.

Daga murna zuwa nauyi

Ga talakan Amurka, imel ya shigo da fara'a. A 1989 wani mai aikin watsa shirye-shirye, Elwood Edwards, ya naɗi muryarsa yana yi wa masu amfani da AOL albishir cewa sun samu wasiƙa, kuma jimlar ta yi farin jini har ta zama sunan fim a 1998. Amma waɗanda suka riga jama'a shiga sun fara gajiya. Donald Knuth, fitaccen malamin kimiyyar kwamfuta a Stanford, ya rufe adireshinsa ranar 1 ga Janairu 1990 bayan kimanin shekaru 15 yana amfani da shi. Hujjarsa ita ce aikinsa na buƙatar dogon nazari marar yankewa, imel kuwa ya dace ne da masu bin abin da ke faruwa yanzu.

A 1996 Steve Whittaker da Candace Sidner suka yi nazarin akwatunan ma'aikatan kamfanin Lotus. Sun gano cewa abin da aka ƙera don aika wasiƙa ya koma wurin ajiyar takardu da allon tunatarwa, domin mutane suna barin saƙo a gaban idonsu ne don tsoron kada su manta da shi. Sun kasa ma'aikatan gida uku: masu jera saƙonni a manyan fayiloli kullum, masu yin babbar shara bayan watanni, da waɗanda suka sallama suka bar komai a wuri ɗaya. Rabon nan bai tsufa ba.

Wani abu guda ne ke taƙaita tarin a wancan zamani, wato ƙarancin wuri. Hotmail, wanda Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe ranar 4 ga Yuli 1996, megabait 2 yake bayarwa. Yahoo yana ba da 4. Idan akwati ya cika saƙo ba ya shiga, dole a yi shara. Ranar 1 ga Afrilu 2004 Google ya fito da Gmail, aikin da Paul Buchheit ya jagoranta, da gigabait 1 kyauta, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka wasan ranar wawaye ne. Shawarar kamfanin ita ce a daina gogewa, a adana, in an buƙata a lalubo. Wannan ya kawar da wahalar shara, ya kuma cire rufin da ke hana lambar hawa.

Sai waya ta shigo. BlackBerry, wadda ta fito a 1999, tana turo saƙo nan take tare da wata 'yar jar fitila mai ƙyaftawa. A 2007 iPhone ta ɗora lambar a kan tambarin imel, inda ido zai faɗa kanta duk lokacin da aka kunna waya, ko da agogo aka zo dubawa.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar labarin ya bi tasa hanyar. A farkon shekarun 2000 mutane da yawa sun san imel ne a shagon intanet, inda ake sayen awa ɗaya a buɗe Yahoo a karanta komai kafin lokaci ya ƙare. Daga baya wayoyin Android suka zo, waɗanda ke neman adireshin Gmail kafin a sauke manhaja, kuma sau da yawa mai shagon waya ne ke buɗe wa mutum adireshin. Hirar yau da kullum ta koma WhatsApp, akwatin imel ya cika da sanarwar banki da ta Facebook. Amma ta nan ɗin ne makarantu da masu ɗaukar ma'aikata da masu ba da tallafin karatu ke aiko da amsa. Akwatin da aka fi jimawa ba a leƙa ba shi ne ke ɗauke da wasiƙun da suka fi nauyi.

Bashi hanji ne

A 2004 Lawrence Lessig, malamin shari'a a Stanford, ya shafe kimanin sa'o'i 80 yana fama da saƙonnin da suka taru tun Janairun 2002 ba tare da amsa ba. Da ya ga ba zai kai ba, sai ya aika wa masu su takardar ban haƙuri, ya ce wanda maganarsa ke da muhimmanci ya sake aikowa. Ya kira matakin karayar arziki, kamar ɗan kasuwar da ya kasa biyan masu bin sa. Kalmar ta nuna inda tunani ya kai: saƙon da ba a amsa ba bashi ne, ko da mutum bai taɓa neman a ba shi ba.

Merlin Mann ya zo da magani a 2006 a shafinsa na 43 Folders, ya kuma yi jawabi a kansa a ofishin Google a Yulin 2007. Ya sa masa suna Inbox Zero, wato mayar da akwati sifili. Koyarwarsa ita ce duk saƙon da aka buɗe a yanke masa hukunci nan take, ɗaya cikin biyar: a goge, a miƙa wa wanda ya dace, a ba da amsa, a ɗaga zuwa wani lokaci sananne, ko a yi aikin. Mann ya sha nanata cewa sifilin da yake nufi na hankalin da mutum ya bari a cikin akwatin ne. Mabiyansa da yawa suka riƙe lambar suka bar bayanin, suka koma duba imel sau da yawa fiye da da, don su tsare sifilinsu. A Janairun 2019 'yar jarida Taylor Lorenz ta rubuta a mujallar The Atlantic tana kiran a yi akasin haka, a bar akwati ya cika yadda ya ga dama, a sanar da mutane wata hanyar samun mai shi. Shekaru 15 bayan Lessig, muhawarar tana nan tsakanin mai biyan bashin kullum da mai ƙin amincewa da shi.

Na'ura ta karɓi tsintsiya

Kamfanoni suka ce tun da mutum ya kasa, bari na'ura ta tantance masa. A 2010 Gmail ya soma hasashen saƙonnin da suka fi muhimmanci daga waɗanda mutum ya saba buɗewa da amsawa. A 2013 ya raba akwati zuwa rukunoni, na farko don mutane, wani don shafukan sada zumunta, wani don talla. Lambar da ke gefen akwati ta koma ƙirga rukunin farko kawai, sai mutane da yawa suka ga ta faɗi warwas alhali saƙonnin suna nan a bayan labule. A shekarar ce kuma manhajar Mailbox ta yayata dabarar jinkirta saƙo, ya ɓace yanzu ya dawo gobe da safe kamar sabo. Dropbox ya saye ta, ya rufe ta a 2016, amma dabarar ta shiga Gmail a 2018. Microsoft ma ya raba akwatin Outlook gida biyu, na abin da ya dace a mai da hankali kansa da na saura.

Wannan rarrabawa ta haifar da wata 'yar matsala da mutane da yawa suka sani: waya ta ce akwai saƙo ɗaya da ba a karanta ba, a duba sama da ƙasa a rasa shi. Yawanci yana can ƙasa ne cikin tsofaffi, ko a tsakiyar doguwar zaren amsoshi da aka naɗe wuri ɗaya, ko a wani rukuni, ko kuma waya da babbar kwamfutar ba su daidaita lissafinsu ba. Hanyoyin zaƙulo shi sun daɗe. Outlook yana da babban fayil na bincike mai tara duk waɗanda ba a karanta ba tun sigar 2003. A Gmail, rubuta is:unread a gurbin bincike yana fito da su duka. Ƙara category:primary yana taƙaita su ga rukunin farko, ƙara older_than:1y kuma yana ware waɗanda suka haura shekara, waɗanda za a iya zaɓa gaba ɗaya a mayar karantattu ko a adana. Manhajar imel ta iPhone ta samu maɓallin tace waɗanda ba a karanta ba a 2016. Duk waɗannan suna nuna inda tarin yake, babu wanda ke rage abin da zai shigo gobe.

Wa ke biyan kan sarki?

Masu bincike sun auna kuɗin da mai karɓa ke biya. A 2012 Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Irvine da abokan aikinta suka raba ma'aikata 13 da imel na kwana biyar, suna auna bugun zuciyarsu. Alamun damuwa sun ragu, kuma yawan tsalle daga wannan shafi zuwa wancan a kwamfuta ya sauka da kusan rabi. A 2015 Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na jami'ar British Columbia a Kanada suka gwada mutum 124, suka ga damuwarsu ta yi ƙasa a makon da aka taƙaita musu duba imel zuwa sau uku a rana. A Jamus, Volkswagen ya daina tura wa wasu ma'aikatansa imel a waya bayan tashi daga aiki a 2011, Daimler kuma a 2014 ya ba ma'aikaci zaɓin a goge duk saƙon da ya zo masa yana hutu, a sanar da mai aikowa wanda zai tuntuɓa. Faransa ta sa abin a doka daga 1 ga Janairu 2017, inda aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna ƙa'idojin katse sadarwa bayan aiki.

Tushen matsalar ya girmi kwamfuta. A Ingila kafin 1840, yawanci mai karɓar wasiƙa ne ke biyan kuɗinta, gwargwadon nisa da yawan takardu, kuma yana da ikon ya ƙi karɓa. Gyaran da Rowland Hill ya kawo, wanda ya haifar da kan sarki na farko a Mayun 1840, ya mayar da biyan kan mai aikawa. Wanda zai sayi kan sarki yakan yi tunani kafin ya rubuta. Imel ya juya wannan tsari. Aika wa mutum ɗaya da aika wa miliyan kusan kuɗinsu ɗaya, mai karɓa ne ke biya da lokacinsa, kuma ba a tambayarsa kafin a saka masa.

An yi ƙoƙarin dawo da kan sarkin. A 1992 Cynthia Dwork da Moni Naor suka ba da shawarar a tilasta wa kwamfutar mai aikawa ta warware wani ɗan lissafi kafin kowane saƙo ya fita, abin da ba zai dami mai aika goma ba amma zai durƙusar da mai aika miliyan. Adam Back ya gina irin wannan a 1997 da sunan Hashcash. A Janairun 2004, a taron Davos, Bill Gates ya yi hasashen za a gama da saƙonnin tarkace cikin shekara biyu, ya kuma ambaci biyan kuɗi a cikin hanyoyin. Babu ɗaya da ya kafu, domin imel ba shi da mai shi guda da zai kafa doka kowa ya bi. Kamfanin Radicati ya ƙiyasta cewa tun 2020 ana aika fiye da saƙo biliyan 300 a kowace rana.

Matakin da ya fi kusa da taɓa mai aikawa ya zo ne a 2024, lokacin da Google da Yahoo suka wajabta wa masu tura saƙo da yawa, a wajen Gmail waɗanda suka kai 5,000 a rana, su tabbatar da ko su wane ne, su kuma sa maɓallin da zai ba mai karɓa damar fita daga jerinsu da dannawa ɗaya. Wannan maɓalli yana cikin 'yan kayan aikin da ke rage abin da zai shigo maimakon sake jera wanda ya riga ya shigo.

A 2021 injiniyoyi suka sabunta ƙa'idar IMAP. Sun cire tsohuwar tutar da ke nuna cewa saƙo ya iso kwanan nan, domin ma'anarta ta rikice a zamanin da mutum ɗaya ke duba akwati ɗaya daga waya da kwamfuta a lokaci guda. Tutar an gani kuwa suka bar ta yadda Crispin ya tsara ta. Manhajojin imel da ke bin wannan ƙa'ida har yau suna samo jar lambar ne ta hanyar tambayar babbar kwamfuta abu ɗaya: saƙo nawa ne ba su da wannan tuta.